HATTARA DA BATIRIN LITIYAM: YADDA ZA A YI CAJI A AJIYE BA TARE DA GOBARA BA

Shekaru talatin da suka wuce, batirin da mutanen karkara suka sani shi ne na rediyo da tocila. In ya ƙare a jefar, a sayi wani. Yanzu zamani ya sake. A Darna Sabon Gari, da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Illela irin su Kalmalo da Araba da Gidan Hamma da Tozai, da wuya a shiga gida a rasa wayar hannu. Ga fitilar sola. Ga tocila mai caji. Ga rumbun caji da ake kira fawa bank. Yawancin waɗannan kaya da batiri iri ɗaya suke aiki. Sunansa batirin litiyam.

Akwai kuma ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Wasu samari masu basira suna ƙera nasu da kwali da soso da ɗan ƙaramin inji. Masu ɗaukar hoton biki a birane kamar Sakkwato suna amfani da wani iri da ake kira duron. Batirin waɗannan jirage shi ma na litiyam ne, kuma ya fi na waya haɗari.

Batirin litiyam yana da amfani ƙwarai. Amma yana iya kama wuta da kansa, ba ashana, ba garwashi. Wurin da aka ajiye shi lokacin caji shi ne zai nuna ko waya ɗaya za a yi asara, ko kuwa gida ne gaba ɗaya.

MENE NE BATIRIN LITIYAM?

Litiyam wani ƙarfe ne da ake samu a ƙasa. Duk cikin ƙarafa babu wanda ya kai shi rashin nauyi. Ana samun sa da yawa a Ostareliya da Chile da ƙasar Sin. A Najeriya ma akwai dutsensa, kuma a shekarar 2024 an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa.

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batiri mai caji a shekarar 1991. A shekarar 2019 aka ba masana uku da suka ƙirƙiro shi babbar kyautar nan ta Nobel. Su ne John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino.

Abin da ya sa duniya ta rungume shi shi ne, ɗan ƙarami ne amma yana ɗaukar wuta mai yawa. Ana iya yi masa caji sau ɗaruruwa kafin ya mutu.

Gane shi ba wuya. A duba jikinsa. In an ga an rubuta Li-ion, ko LiPo, ko Li-polymer, to na litiyam ne. Yawanci za a ga lamba 3.7V ko 3.8V kusa da rubutun.

ME KE CIKINSA?

A cikin batirin akwai fallaye biyu masu ajiye wuta. An naɗe su kamar yadda ake naɗe tabarma, ko an jera su bisa juna. Tsakaninsu akwai wata 'yar leda da ke hana su taɓa juna. Wannan leda ba ta kai kaurin gashin kai ba. An kuma jiƙa su duka da wani ruwan sinadari. Ruwan nan yana cin wuta kamar fetur.

Muddin ledar tana nan lafiya, batiri yana aikinsa lafiya. In ta yage ko ta narke, sai fallayen biyu su haɗu. Nan take wutar da aka tara ta awa da awa sai ta fito lokaci guda, ta zama zafi. Zafin ya ƙara narka ledar, narkewar ta ƙara zafi. Ruwan ya tafasa ya zama iska. Batirin ya kumbura, ya fashe, harshen wuta ya fito da ƙarfi. Duk wannan yana iya faruwa cikin daƙiƙu kaɗan.

Zafin wannan wuta yakan wuce digiri 500. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Ban da haka, batirin yana fitar da wani ɓangare na iskar da wuta ke buƙata daga cikin jikinsa. Shi ya sa ko an lulluɓe shi da bargo, ba lalle ya mutu ba.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Wannan matsala ta taɓa har manyan kamfanonin duniya.

A watan Satumba na shekarar 2010, wani jirgin ɗaukar kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai. Wuta ce ta tashi a cikin kayan da ya ɗauko, waɗanda suka haɗa da batiran litiyam masu yawa. Matuƙansa biyu sun rasu.

A watan Janairu na 2013 aka dakatar da duk jiragen sama samfurin Boeing 787 daga tashi, har kimanin wata uku, saboda batiransu sun yi zafi sun ƙone.

A shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa samfurin Galaxy Note 7 daga kasuwa, wajen guda miliyan biyu da rabi a karon farko, domin wasu suna kama wuta. Daga baya ya daina yin ta ɗungurungum.

A watan Yuni na 2024 gobara ta tashi a wata masana'antar batirin litiyam a garin Hwaseong na Koriya ta Kudu. Mutum 23 suka rasu.

Saboda irin wannan ne kamfanonin jiragen sama suka hana sa fawa bank da batirin da ba ya cikin waya a babbar jakar da ake turawa ƙarƙashin jirgi. Dole a riƙe su a jakar hannu, inda ido zai gani in sun fara hayaƙi. Alhazan da suka tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato sun san wannan doka. Darasin da ke cikinta ya shafi gida ma: batiri a gaban ido ya fi batiri a ɓoye aminci.

ABUBUWAN DA KE SA BATIRI YA KAMA WUTA

1. Zafi. Masu yin batirin sun ce kada a yi masa caji in zafi ya wuce digiri 45. A ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 ko a inuwa. Cikin shagon kwano da tsakar rana ya fi haka. Cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce digiri 60. Shi kansa caji yana ƙara wa batiri ɗumi. Saboda haka bazara lokaci ne na yin hattara sosai a wannan yanki.

2. Rauni. Batirin da ya faɗi da ƙarfi, ko aka taka, ko aka lanƙwasa, ko ƙusa ta huda, ledar cikinsa tana iya yagewa. Wani lokaci ba ya kamawa nan take. Sai bayan awa guda, ko sai ranar da aka sa shi a caji.

3. Caja marar kyau. Kowane ɗan batirin litiyam yana da iyaka. Ga mafi yawansu iyakar ita ce 4.2V. Caja mai kyau tana tsayawa da kanta in ya cika. Marar kyau sai ta ci gaba da ɗura masa wuta. Haka kuma janareta da wutar NEPA mai hawa da sauka suna lalata caja mai rauni.

4. Haɗuwar baki. Batiri yana da baki biyu, mai alamar + da mai alamar –. In ƙarfe ya haɗa su, kamar makulli ko ƙusa ko tsabar kuɗi a aljihu, batirin zai yi zafi nan da nan.

5. Jabun kaya. Illela gari ne na kan iyaka, ga Birnin Konni nan kusa a Jamhuriyar Nijar. Kaya suna shiga suna fita, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci. A cikin kayan akwai nagari, akwai na banza. Wani batirin tsoho ne aka ciro daga matacciyar kwamfuta aka sake masa riga. Wani fawa bank ɗin an rubuta masa babbar lamba a jiki, alhali ɗan ƙaramin batiri ne a ciki. Hukumar SON ce ke da alhakin kula da ingancin kaya a Najeriya, amma mai saye shi ma sai ya buɗe ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gara a saya wurin mai shagon da aka sani, wanda za a iya koma masa in kaya sun ba da matsala.

TSOHUWAR DABARA BA TA YI A NAN

Da can in batirin rediyo ya yi sanyi, akan shanya shi a rana, ko a bubbuga shi da dutse, ko a gartsa masa haƙori. Sai ya ɗan farfaɗo a ƙarasa jin labarai. Wasu sun ɗauko wannan dabara sun kawo kan batirin waya. Wannan kuskure ne babba. Rana da duka su ne ainihin abin da ke tayar da wutar batirin litiyam.

Wasu kuma in batiri ya kumbura sai su huda shi da allura wai iska ta fita. Wasu su danne shi da dutse ya koma daidai. Wasu su ɗaure murfin wayar da roba su ci gaba da aiki. Duk wanda ya yi haka yana wasa da wuta a tafin hannunsa. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, ba ya gyaruwa.

Yara ma sukan tsinci tsohon batirin waya su ɗaura masa ƙwan fitila, ko su sa shi a motar gwangwani ko jirgin kwali. Basira ce, kuma abin a ƙarfafa musu gwiwa ne. Amma ya kamata iyaye su duba irin batirin da ke hannun yaro. In kumburarre ne ko fasasshe, a karɓe. Kada a bar yaro ya haɗa batiri kai tsaye da wayoyin caja da aka yanke, ko da batirin babur, ko da faifan sola.

ALAMUN DA BATIRI KE BAYARWA

Sau da yawa batiri yakan yi gargaɗi kafin ya kama. Ga alamun:

Ya kumbura, har murfin waya ya ɗaga ko gilashinta ya ɓalle.

Ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba.

Yana wari mai zaƙi-zaƙi kamar na fenti ko gam.

Yana tsatsar ruwa.

Yana huci, ko yana ƙara ƙas-ƙas.

Yana fitar da farin hayaƙi.

In an ga kumburi ko tsatsa, a daina amfani da shi daga ranar. In an ji huci ko an ga hayaƙi, wuta ta kusa, a ja da baya.

INA YA KAMATA A YI CAJI?

Gidan manomi cike yake da abincin wuta. Ga jinka, ga zana, ga dangar kara, ga harawa a kan rumfa, ga rumbun hatsi, ga rudun albasa. A lokacin hunturu komai ya bushe, ga iska tana kaɗawa. Wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya tana iya cinye unguwa. Gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 ta nuna yadda wuta ke gudu a irin wannan lokaci, ko mene ne ya tayar da ita.

Ga ƙa'idojin caji a gida:

1. A ajiye waya ko fitila a kan daɓe, ko siminti, ko cikin kasko. Kada a sa ta a kan katifa, ko tabarma, ko tulin tufafi.

2. Kada a sa waya ƙarƙashin matashin kai tana caji. Zafi ba ya samun hanyar fita. Gidan sauro ma yana kama wuta nan da nan, ya narke a jikin mai barci.

3. A bar tazarar taku biyu ko uku tsakanin wurin caji da duk abin da ke cin wuta.

4. Kada a yi caji a ɗakin da aka ajiye jarkar fetur, ko kananzir, ko tukunyar gas. Tururin fetur kaɗai ya isa ya kama.

5. Kada a yi caji a bakin ƙofa. Yawancin ɗakunan karkara ƙofa ɗaya gare su. In wuta ta tashi a nan, ta tare hanyar fita.

6. A yi caji a inuwa, inda iska ke shiga. In da sola ake yi, faifan ne ke son rana. Waya da batiri inuwa suke so.

7. A yi caji lokacin da wani babba yake farke kuma yana kusa. In ta cika a zare.

Akwai wata matsala da kowa ya sani. Sau da yawa wutar NEPA cikin dare take zuwa, mutane su bar waya a soket su kwanta. Abin da ya fi shi ne a zare kafin barci. In ya zama dole, to a sa wayar cikin kasko a ƙasa, nesa da gado, nesa da ƙofa, kuma ba a ɗakin da yara ke kwana su kaɗai ba.

GA MASU SHAGON CAJI

Mai shagon caji yana riƙe da amanar wayoyi hamsin ko ɗari. In ɗaya ta kama, sauran suna kusa. Asarar ta shafi jarinsa da dukiyar mutane da shagunan maƙwabta.

Ya duba kowace waya da kowane batiri kafin ya karɓa. Kumburarre ya mayar wa mai shi, ya gaya masa dalili. Kada ya ji nauyin abokin ciniki a kan wannan.

Kada ya tara wayoyi bisa juna. Ya jera su da 'yar tazara, a kan allon ƙarfe ko tayil. Katako da kwali ba su dace ba.

Cajar nan mai ɗan baki biyu da ake maƙala wa batiri bayan an cire shi daga waya tana buƙatar sa ido. Ya riƙa taɓa batirin lokaci lokaci. In ya ji zafi ya cire.

Janareta da jarkar mai su zauna a waje, nesa da teburin caji. Kada ya yarda mai sayar da fetur a kwalba ya kafa teburinsa jikin shagon.

Ya ajiye bokiti biyu cike da yashi, da shebur, da doguwar awartaki. Ya san inda makashin wutar shagon yake, yaron shago ma ya sani. In zai tafi gida ko kasuwa, ya kashe komai kafin ya kulle.

GA MASU ƘARAMIN JIRGI

Batirin ƙaramin jirgi, wanda ake rubuta wa LiPo, ya bambanta da na waya ta hanya uku. Na farko, rigarsa laushi gare ta kamar leda, ba ta da kariya. Na biyu, yawancin waɗanda masu ƙera jirgi ke saye ba su da ɗan na'urar da ke tsayar da caji in ya cika. Na uku, jirgi yana faɗowa, batiri yana shan duka.

Irin wannan batiri 'ya'ya ne aka haɗa wuri ɗaya. In an rubuta 2S, 'ya'ya biyu ne. In 3S, uku ne. Kowane ɗa yana cika a 4.2V. Ke nan mai 'ya'ya uku yana cika a 12.6V. Kada a bar kowane ɗa ya sauka ƙasa da 3.0V, domin yana lalacewa daga nan.

Dole a yi amfani da cajar da aka yi domin LiPo, mai daidaita 'ya'yan. Tana da wurin sa ƙaramin fulogi mai siraran wayoyi da ke jikin batirin. Aikinta shi ne ta tabbatar babu ɗan da ya wuce 'yan'uwansa cika. Kafin a kunna, a duba an saita yawan 'ya'yan daidai. Kuskure a nan shi ne ya fi jawo gobara ga masu wannan sana'a. Cajar batirin babur ko ta mota ba ta yi, ko sau ɗaya.

Kada a gaggauta caji. In an rubuta 2200mAh a jikin batiri, a saita caja a 2.2A ko ƙasa da haka. In 1500mAh ne, 1.5A. Zai ɗauki kimanin awa guda.

A cire batiri daga jirgi kafin caji, domin soso da kwali suna cin wuta. In jirgi ya sauko yanzu, a bar batirin ya huce tukuna. In jirgi ya faɗi, a cire batirin a ajiye shi a fili kan yashi, a sa masa ido aƙalla rabin awa. Kada a jefa shi cikin jaka a hau babur. In ya lotsa ko ya kumbura, ya tashi daga aiki.

A ƙasashen waje ana sayar da jaka ta musamman da wuta ba ta ci da sauri, domin cajin irin wannan batiri. Wanda bai samu ba, tukunyar ƙasa za ta yi masa aiki. A zuba busasshen yashi a gindinta kamar tsawon yatsa. A ɗora batirin a kai. A cika 'yar leda da yashi a ɗora a bakin tukunyar bisa sandunan ƙarfe biyu, a bar 'yar kafa ta iska. In batirin ya kama, zafi zai narka ledar, yashi ya zubo ya rufe shi. Tukunya da yashi ba su da tsada a ƙasar Illela. Duk da haka, mai batiri ya zauna kusa har caji ya ƙare.

YADDA ZA A AJIYE BATIRI

Batirin da za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, kada a ajiye shi cike maƙil, kada kuma a ajiye shi babu komai. Rabin caji ya fi. Ga batirin jirgi, wannan shi ne kimanin 3.8V a kowane ɗa. Caja mai kyau tana da wurin saita wannan.

A rufe bakinsa da salatif don kada ƙarfe ya taɓa. A sa shi cikin tukunyar ƙasa ko akwatin ƙarfe mai yashi. Kada a rufe akwatin ruf, domin in iska ta taru ba ta da mafita, zai fashe. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi, saboda haka ya fi dacewa da ajiya. Kada a cusa batiri a cikin jinka, ko ƙarƙashin sirdin babur, ko gaban gilashin mota. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kai, inda kuma ruwan damina ba ya zuba. A riƙa dubawa duk wata.

IN WUTA TA KAMA

1. A fitar da mutane tukuna, yara da tsofaffi a gaba. A yi kururuwa maƙwabta su ji.

2. A kashe janareta ko makashin wuta. In ana iya zare caja daga soket ba tare da kusantar wutar ba, a zare.

3. Kada a ɗauki batiri da hannu. In hayaƙi kawai yake yi, kuma ƙofa tana kusa, a kwashe shi da shebur a kai fili. In ya riga ya kama, a bar shi inda yake, a janye kayan da ke kusa.

4. A zuba masa yashi mai yawa. In an tabbatar an raba shi da wutar lantarki, kuma babu fetur a wurin, ruwa mai yawa yana taimakawa domin yana sanyaya shi. Kada a watsa ruwa kan soket mai wuta ko kan fetur.

5. Kada a shaƙi hayaƙin, guba ne. Yana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. A tsaya ta inda iska ke fitowa.

6. In wuta ta fi ƙarfi, a fita, a nemi 'yan kwana-kwana. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112. Kada kowa ya koma ciki don ɗauko kaya.

7. Ko wuta ta mutu, batirin yana iya sake tashi bayan awoyi. A bar shi a fili cikin yashi har kwana guda.

Wanda ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti ashirin. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko toka. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Illela. Wanda ya shaƙi hayaƙi yana tari ko numfashi yana yi masa wuya, shi ma a kai shi.

INA ZA A KAI MATACCEN BATIRI?

Kada a jefa shi a bola. Ana cinna wa bola wuta, batirin zai fashe ya ji wa na kusa ciwo. Yara suna tsince-tsince a wurin, dabbobi suna kiwo. Daga bola kuma ake kwasar taki a kai gona. Kada a jefa shi a murhu, ko rijiya, ko masai, ko tafki.

A bari cajinsa ya ƙare ƙaf in yana da lafiyar yin haka. A naɗe bakinsa da salatif. A sa shi cikin gwangwani mai yashi, a ajiye a inuwa nesa da ɗaki. A tambayi mai gyaran waya ko yana karɓa. In za a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, a ware shi dabam, a gaya musu batirin litiyam ne, don kada su dake shi da guduma.

A TAƘAICE

Batirin litiyam ba abin gudu ba ne. Miliyoyin mutane suna aiki da shi kullum lafiya lau. Wanda ke kama wuta kaɗan ne, kuma yawanci ya sha zafi, ko ya ji rauni, ko caja ta cuce shi. Abin da ake buƙata mai sauƙi ne. A yi caji a ƙasa, a inuwa, da caja mai kyau, da mutum a farke. A raba batiri da fetur da ciyawa. Kumburarre a fitar da shi daga gida. A ajiye bokitin yashi kusa.

Mai gida ya gaya wa iyalinsa. Mai shago ya koya wa yaransa. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa, domin a gari mai dangar kara gobarar gida ɗaya ta kowa ce. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.